Rana da Dare a Bakin Nilu: Daga Khartum Zuwa Mai Wurno

Hanyar da ta tashi daga Khartum ta bi gaɓar Shuɗin Nilu ta nufi kudu, ta ratsa Wad Madani da Sinnar da Sinja har Damazin, ita ce hanyar da baƙo Bahaushe ya fi samun abin kallo a kanta a ƙasar Sudan. A bakinta tsofaffin biranen sarauta da ƙubbobin shehunai suke, kuma a bakinta Hausawa da Fulani suka kafa garuruwa da unguwanni masu yawa. Mutanen ƙasar suna kiransu Fallata ko Takari. Kakanninsu a ƙasa suka zo, yawancinsu kan hanyar aikin hajji, wasu kuma hijira suka yi bayan Turawan Ingila sun ci daular Sakkwato a 1903. Saboda haka matafiyin da ya taso daga Kano ko Maraɗi baƙo ne a takarda, amma da wuya ya wuni a kasuwa bai ji an yi masa sannu da harshensa ba. Bayanin da ke tafe ya shafi yadda wuraren nan suke kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Abin da yaƙin ya yi musu yana ƙarshen wannan rubutu.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan haura digiri 40, kuma a farkon damina guguwar ƙura da ake kira habub takan rufe gari har rana ta koma kamar almuru. Dokar ƙasa ta ɗora wa baƙo yin rajista da 'yan sanda cikin kwana uku da saukarsa, da neman izinin ɗaukar hoto, kuma ko da izinin ba a ɗaukar gada ko madatsar ruwa ko barikin soja. Kuɗi a hannu ake riƙewa, domin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997 ya raba bankunan Sudan da katunan waje, kuma ɗage shi da aka yi a 2017 bai gyara lamarin nan take ba. A cikin gari ana hawa rakasha, wato a-daidaita-sahu, ko ƙaramar motar haya da ake kira amjad. Manyan motocin kudu kuwa daga tashar Mina al-Barri suke tashi.

Birane uku, kogi biyu

Khartum birane uku ne da ruwa ya raba: Khartum kanta, da Bahri, da Omdurman. Inda suka fuskanci juna shi ne Mugran, mahaɗar Farin Nilu da ya taso daga yankin tafkin Biktoriya da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga tafkin Tana na Habasha. Da damina, lokacin da ruwan Habasha ya ɗauko laka, ana ganin kogunan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su cuɗe. A tsakiyar mahaɗar tsibirin Tuti yake, da gonakin lemo da kayan miya, ƙauye sosai a cikin babban birni. Kusa da nan Gidan Tarihi na Ƙasa yake, wanda aka buɗe a 1971. A harabarsa aka sake gina tsofaffin haikalai na Buhen da Semna da Kumma, waɗanda aka kwance dutse-dutse daga ƙasar Nuba ta arewa kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurarensu.

Omdurman ta fi jan hankalin Bahaushe, domin tarihinta ya taɓa nasa. Nan Muhammad Ahmad al-Mahdi ya zauna bayan ya ci Khartum a Janairun 1885, nan ya rasu a Yunin wannan shekarar, kuma nan ƙubbarsa take. Sojojin Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, sun rushe ta bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898, aka sake gina ta a 1947. Daura da ita akwai gidan magajin Mahadi, Halifa Abdullahi, wanda aka mayar gidan tarihi, da takubba da sulke da riguna masu faci irin na Ansaru, mabiyan Mahadi. Kiran Mahadi ya kai har ƙasar Adamawa, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a. Wanda ya san wannan ba zai kalli kayan gidan nan a matsayin tarihin wasu ba. Daga nan sai kasuwar Omdurman, inda ake sayar da turaren wuta da humra da zoɓorodo da takalman fata da ake kira markub, sannan kasuwar raƙuma ta Muwailih a yammacin gari.

Yammacin Juma'a yakan sa baƙo zaɓi, domin abin kallo biyu suna faɗawa lokaci ɗaya a gefe biyu na birni. A unguwar Hajj Yusuf, gabas da kogi, 'yan kokawar tsaunukan Nuba suna karawa a fili cike da 'yan kallo. A maƙabartar Hamad al-Nil ta Omdurman kuwa, mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya suna taruwa bayan la'asar a gaban ƙubbar shehin, da tutoci da ganguna da bandiri. Ana yin babbar da'ira, dervishai masu koren tufafi da ja, wuyansu cike da tasbaha, suna kewaya ciki, mai kaskon turare yana bin sahu yana kaɗa wa mutane hayaƙi. Kalmar shahada ake maimaitawa, tana ƙara sauri, har a kira sallar magariba komai ya tsaya. Turawa masu yawon buɗe ido sun mayar da wurin abin ɗaukar hoto, amma ibada ce, kuma ya kamata a tsaya a wurin da ladabin mai ziyara.

Yadda dare yake tafiya

Wanda ya zo Khartum yana neman mashaya da gidajen rawa irin na manyan biranen duniya ba zai same su ba. A Satumban 1983 Shugaba Ja'afar Numeiri ya ƙaddamar da dokokin shari'a, aka rufe mashayu, aka tuttular da barasa a cikin Nilu a bainar jama'a. A zamanin Shugaba Umar al-Bashir dokar tsarin jama'a ta Khartum ta ƙayyade cewa ƙarfe 11 na dare kiɗan biki yake tsayawa. An soke wannan doka a Nuwamban 2019, kuma a 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba a kan barasa, amma ɗabi'ar gari ba ta sauya ba. Wannan bai sa birnin ya kwanta da wuri ba. Zafin rana yana korar mutane cikin ɗaki, saboda haka rayuwar gari ta gaskiya bayan magariba take farawa, kuma a waje ake yin ta, a fili, inda iska ke kaɗawa.

Ginshiƙin wannan dare su ne matan shayi, sittat al-shai. Kowacce tana da ɗan akwati da kurfoti na gawayi da jerin kwalabe na citta da kanumfari da kirfa da na'ana'a, da ƙananan kujerun saƙa kewaye da ita. A Titin Nilu, daga wajen gadar Manshiya har Mugran, ɗaruruwansu suke jera kujeru a bakin ruwa. Ana shan jan shayi, ko shayi da madara, ko zoɓo mai zafi, ko gahawa da ake kawowa a ɗan tulun ƙasa mai suna jabana, an dafa ta da citta, ana zubawa a 'yan ƙananan kofuna, da kaskon turare a gefe. Ɗalibai da ma'aikata da iyalai har da 'yan siyasa a nan suke zama, kuma kofi ɗaya yana sayen wa mutum kujera na sa'o'i ba wanda zai tashe shi. Abu ne da ya zama ruwan dare baƙo ya miƙe zai biya a gaya masa wani da ya tashi tuni ya biya masa.

Ya dace mai zama a kujerun nan ya san ko su wane ne matan. Da yawansu yaƙi da fari ne suka koro su daga Darfur da tsaunukan Nuba, kuma da kuɗin shayin suke ciyar da gida suna biyan kuɗin makaranta. Shekaru da dama suna fama da samamen hukuma da ake kira kasha, ana kwashe musu kujeru da tukwane ana cin su tara. Awadiya Mahmud Kuku, mai shayi ce da ta haɗa kansu a ƙungiyar taimakon juna, har gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata a 2016. Baƙon da ya tsaya cinikin kuɗin kofi da irin waɗannan mata bai kyauta ba.

Abincin dare ba shi da tsada. Akwai ful, wake da aka dafa a babbar tukunya mai siririn wuya, a zuba masa man riɗi da cuku da albasa. Akwai bosh, gutsattsarin burodi da aka jiƙa da ruwan waken, abincin ɗalibai da samari, ana ci a kwano ɗaya. Masu son nama da yawa sukan fita kasuwar Kandahar a yammacin Omdurman, su sayi ɗanyen nama da kansu, su miƙa wa mata su gasa a kan gawayi ko a kan tsakuwa mai zafi. Amma naman da ya mamaye titunan dare a duk faɗin Sudan shi ne agashe: yankakken nama mai faɗi da aka shafe da garin ƙuli da yaji, aka soke a tsinke aka kewaye wuta da shi, a kawo da albasa da lemon tsami. Tsire ne, Hausawa suka zo da shi, sunan ma nasu ne, kuma har yanzu su aka sani da sana'ar. Daga naman sa an kai ga na kaza da na kifi. Gaban mai agashe shi ne wuri mafi sauƙi da baƙo zai fara jin Hausa a Khartum, kuma daga nan ake samun kwatancen unguwannin 'yan uwa.

Kiɗa a wurin biki ake samunsa, kuma baƙo yakan sami gayyata ba tare da ya nema ba. Daren lalle da daren jirtik, inda ake ɗaura wa ango da amarya jan zare da duwatsun ado a shafa musu turare, su ne manyan darare. A tarihin waƙar Sudan ma akwai hannun Takari. Aisha Musa Ahmad, wadda aka sani da Aisha al-Fallatiya, tana cikin matan farko da suka rera waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, lokacin da ake ganin hakan abin kunya ne ga mace. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Masu sha'awar ƙwallo kuwa suna da wasan ƙungiyoyin Hilal da Marrikh, wanda saboda zafi da dare ake buga shi.

Jazira da Wad Madani

Kudu da Khartum ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, baƙa, ba tudu ba dutse. Wannan ita ce Jazira, tsakanin kogunan biyu, inda Turawa suka buɗe aikin noman rani a 1925 don samar wa masaƙun Ingila auduga. Bayan ƙarin yankin Managil faɗinsa ya kai kimanin fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin gona ne), kuma ruwan yana gangarowa ne da kansa ta magudanai daga madatsar Sinnar. Hedkwatar aikin tana Barakat, kusa da Wad Madani. Daga tagar mota ana ganin ƙauyukan masu gonaki, ana kuma ganin wasu matsugunai na bukkoki da ginin laka a bakin magudanai. Su ne kanabi, sansanonin leburori. Mutanen yammacin Sudan da na Afirka ta Yamma, har da Hausawa, suke zaune a cikinsu. Hannunsu ne ya tsinci audugar Jazira tsara bayan tsara, amma yawancin kanabin ba su da takardar mallakar fili, ba makaranta ta kirki, ba ruwan famfo. Mai yawon buɗe ido da ya yaba kyan magudanai bai dubi kanabi ba, rabin Jazira ya gani.

Wad Madani tana kimanin kilomita 190 daga Khartum, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu. Sunan Shehu Madani al-Sunni ta ci, kuma ƙubbarsa tana cikin gari. Nan Jami'ar Jazira take, wadda aka kafa a 1975, da cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa. Mutanen Sudan sun san ta da mawaƙa: Ibrahim al-Kashif da Muhammad al-Amin da Abu Araki al-Bakhit duk 'ya'yanta ne. Darenta ya fi na Khartum natsuwa. Tana da nata Titin Nilu ƙarƙashin manyan itatuwa, da masu shayi da masu soya kifi, kuma da yake gari ne da ba ya da girman da zai ɓatar da mutum, baƙo yakan yi sabo cikin kwanaki kaɗan.

Darare mafiya armashi a wannan yanki na shehunan ɗariƙa ne. Abu Haraz a gabashin kogi da Tayba ta Shehu Abdulbaƙi cibiyoyi ne na zuriyar Arakiyyin, masu ƙubbobi da makarantun allo da ake kira halwa. Da dare almajirai suna kewaye wutar karatu, tugaba, kowa da allonsa, kamar yadda ake yi a tsangayun ƙasar Hausa. A lokacin Mauludi da ranakun tunawa da shehunai ana kwana ana zikiri da bege, ana buga manyan gangunan noba, ana ciyar da duk wanda ya zo. Da azumi kuma mutanen ƙauyukan da ke kan titin Khartum zuwa Madani sukan shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, idan magariba ta gabato su tare titi, wani lokaci da miƙaƙƙen rawani, su tilasta wa direbobi tsayawa a sauke fasinjoji a sha ruwa. Ana kawo asida da miya da dabino da hilu-mur, wani abin sha na tsiron dawa da kayan ƙamshi. Ba a karɓar ko kwabo, kuma ƙin saukowa cin fuska ne.

Sinnar da Mai Wurno

Sinnar ita ce babban birnin daular Funj daga 1504 zuwa 1821, lokacin da sojojin Muhammad Ali na Masar suka ci ta. Kufai kaɗan ya rage na tsohon birnin. Abin da ake zuwa gani shi ne madatsar, mai tsawon kimanin kilomita 3, wadda aka gama a 1925, da masunta a ƙarƙashinta, da yawansu Hausawa. Su ne kuma ke noman albasa da kayan miya a gaɓar da ruwa ya janye.

Tafiya kaɗan kudu da Sinnar garin Mai Wurno yake. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira suka ci gaba gabas. Wajen 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kusa da garin Shehu Talha, suka kafa garin da ya ci sunansa. Sarautar tana hannun zuriyarsa har yau, kuma daga nan ne ƙauyukan Fulani da Hausawa suka yaɗu a gaɓar kogi zuwa Sinja da Rusairis. Ana jin Fulatanci da Hausa da Larabci a kasuwa ɗaya. Hausar dattawa tana riƙe da tsofaffin kalmomi, ta matasa kuwa ta cuɗu da Larabci ƙwarai.

A waɗannan ƙauyuka ba otal. Baƙo wurin shehin gari ko liman yake fara zuwa ya gabatar da kansa, a sauke shi a ɗakin baƙi da ake kira diwan. Bayan isha'i ana fito da gadajen igiya, angareb, tsakar gida ko ƙofar gida, a kawo shayi, hira ta ɓarke. Za a tambaye shi labarin Sakkwato da Kano da Haɗeja, garuruwan da da yawa daga masu tambayar ba su taɓa gani ba amma sun san unguwar kakanninsu da suna. Akwai abu ɗaya da ya kamata ya kiyaye. Mutanen nan 'yan Sudan ne, an haifi iyayensu da kakanninsu a can, kuma sun daɗe suna fama da masu ce musu baƙi. Tambayar yaushe za su koma gida, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta, tana taɓa tsohon miki.

Mai sauran lokaci yana iya shiga gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935 a kan iyakar Habasha, mai zakuna da ɓauna da gwanki, da rani kawai ake shigarsa. Ƙarshen hanyar shi ne Damazin da madatsar Rusairis ta 1966.

Abin da yaƙi ya yi

Tun kafin babban yaƙin, jihar Shuɗin Nilu ta ga jini. A Yulin 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan sarauta da mallakar ƙasa, ya taɓa Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubban iyalai suka tsere zuwa Sinnar da Jazira da Farin Nilu. Sai yaƙi tsakanin sojan ƙasa da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF ya zo a Afrilun 2023. Khartum ta watse, aka kwashe ɗaliban Najeriya ta iyakar Masar da Port Sudan, aka wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa. Wad Madani, wadda ta karɓi dubban ɗaruruwan masu gudun hijira, ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023, ƙauyukan Jazira suka sha kisa da fashi. Sinja ta faɗi a Yunin 2024, soja suka karɓe ta a Nuwamba. Sun koma Madani ranar 11 ga Janairu 2025, kuma a kwanakin ne aka kai wa mazauna wasu kanabi hari bisa zargin haɗa baki. Khartum ta dawo hannun soja a Maris 2025.

Mai niyyar bin wannan hanya yanzu ya fara tuntuɓar ofishin jakadancin ƙasarsa da 'yan uwan da ke can kafin ya sayi tikiti. Idan ya tafi, ya riƙe wani abu na taimako a hannu, domin da yawa daga gidajen da suka saba sauke baƙi kyauta yau su ne mabuƙata.